Maƙwabcin Kuya Doroy

Gidan yayana, Kuya Doroy, na katako ne daga ƙasa har sama, shi ya gina abinsa da hannunsa, kuma ba ya bari a manta. Ko ruwa ka shigo sha sai ya sa ka ƙwanƙwasa ginshiƙin tsakiya ka ji ƙarfinsa. Ni da shingen gora kawai ya raba mu, na ƙwanƙwasa har na gaji.

Tun rasuwar matarsa, 'yarsa Ningning mai aikin jinya a Manila ta matsa masa ya koma wurinta, can ƙololuwar bene. Ya ce sai dai a fitar da gawarsa. Da ta zo hutu ta danna yatsa jikin taga, yatsan ya burma kamar cikin burodi. Gara ce. Nan uba da 'ya suka daidaita: za ta ɗauko kamfanin kashe gara, in gidan ya tsira ya zauna, in bai tsira ba ya tattara ya bi ta.

Kamfanin ya turo wani Efren, mai ladabi amma da surutu kamar rediyo. Ya bi sawun garar har suri da ke bayan kicin, gindin mangwaro.

"Tatay, uwarsu na cikin nan," ya ce, yana kiransa baba da yarenmu. "Mu fasa, mu zuba magani, an gama."

"Ka fasa gidan nuno? Kai wa ya raine ka?"

Kowa a ƙauyenmu ya san nuno, tsohon nan da ba a gani, mai zama cikin suri. In za ka gifta sai ka ce tabi-tabi po, ka nemi hanya, wanda ya yi masa rashin kunya kuwa ƙafarsa ta kumbura. Ni ma ina faɗa, amma iya baki. Kuya Doroy har zuci ya riƙe abin. Ningning ta yi rarrafe a gindin surin nan ko ƙuje bai taɓa fito mata ba, shi kuwa bai manta alherin ba.

Sai Efren ya kawo wata dabara. Ya binne ƙananan akwatunan roba kewaye da gida, da abincin gara a ciki. Sharaɗin yarjejeniyar ɗaya ne mai ƙarfi: kada kowa ya taɓa su, shi zai riƙa zuwa duk wata yana dubawa. An zauna lafiya har ranar da bakinsa ya ja mana. Suna shan kofi Kuya ya tambaye shi yadda abin ke aiki, shi kuwa ya gyara zama.

"Ai ba nan take suke mutuwa ba, Tatay. Su ci, su kai gida, su ciyar da 'yan uwa har uwar. Kafin ka ankara surin ya zama kango."

Kuya ya ajiye kofinsa.

Ina shanya wata safiya na hango shi tsugune, yana kwashe abincin daga akwati yana cusa kwalin banza.

"Kuya! Ka haukace ne?"

"Rage murya, Pilang. Maƙwabcin da bai taɓa cutar da ɗiyata ba, in aika masa guba a ɓoye cikin abinci? Ko maƙiyi ba a yi masa haka."

"Maƙwabcin naka gidanka yake ci!"

"Garar ce ke ci, ba shi ba. Zan yi masa magana."

Ya yi kuwa. Ya kai wa nuno dafaffiyar kaza ba gishiri, ya roƙe shi ya ja wa garar kunne. Na zagi Kuya tas, na yi kuka, ya sa na rantse ba zan gaya wa Ningning ba. Da Efren ya gano, kamfanin ya zare hannunsa, don an karya sharaɗi.

Guguwar damina ce ta ƙarasa. Ba ma babba ba ce, ko ayabata ba ta kayar ba, amma rufin ɗakin baya ya rufta, katakon ya fito fanko, sai ƙasa ke zuba daga ciki. Ningning ta zo, ba ta yi faɗa ba, ta dai riƙe hannunsa. Da ta zage shi ma da ya fi sauƙi. Ban taɓa ganin yayana ya ƙanƙance kamar ranar da ya shiga mota ya bi ta Manila ba, abin har yau yana ci mini rai.

Aka sayar da filin. Mai sayen ya kawo katafila, ta kwashe gida da mangwaro da suri kafin abincin rana. Direban ya ci shinkafa da kifi a rumfata, yana ta raha, kuma har gobe garau nake ganinsa a kasuwa.

Ranar Lahadi Kuya ya kira ni a waya. Muryarsa ta yi sanyi. Bai tambayi gidan ba.

"Pilang, an ce sun fasa surin. Wanda ya fasa, me ya same shi?"

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai na ji yadda yake jan numfashi yana jira.

"Ƙafarsa ta kumbura, Kuya. Ko takalmi ba ya iya sawa."

"Kin ji ko! Ai na faɗa muku." Sai ya sassauta murya. "Allah sarki, bawan Allah, aiki aka sa shi. Ki ce ya dafa kaza ya je ya nemi gafara. Ki tuna masa kada ya sa gishiri."