Katangar da Ta Kauce wa Mangwaro

Da muka dawo bayan yaƙi, abu biyu kaɗai muka tarar a tsaye a gidanmu: bakin rijiya da mangwaron Baba. Shi ma mangwaron suna kawai ya rage masa, ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Ƙanena magini ne, irin waɗanda ke rufe ido ɗaya su auna katangar mutane ba a tambaye su ba. Ya ja igiyarsa daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ga bishiyar daidai kan layi.

"Yaya, gawayi ne fa," ya ce, gatari a hannu. "Ki matsa, mu samu rufi kafin damina."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Baba ne ya yi wa bishiyar aure da hannunsa, ya ɗaura reshen mai zaƙi a kan kututturen mai tsami, har yau tabon yana nan daidai gwiwata. Baba bai dawo tare da mu ba, ko kabarinsa ba mu sani ba.

"Ba ni wuƙarka," na ce.

Na yi yadda Baba yake yi, na fara kankare ɓawon daga sama. Busasshe. Na sauko daidai kafaɗa, busasshe. Daidai ƙugu ma haka. 

"In a ƙasan tabon kika ga rai, mai tsamin ne zai tofo, ba na Baba ba," in ji ƙanena. Kamar ban sani ba!

Saura yatsa huɗu in kai tabon, wuƙar ta shiga da laushi. Kore shar, har da danshi. Na zauna a cikin tokar na yi kuka.

Ya durƙusa, ya dangwala babban yatsansa, ya shinshina. Sannan ya je ya tumɓuke turken igiyar.

"Shekara ashirin ban taɓa yin karkatacciyar katanga ba. Dariya za a yi mini."

"Su yi. Ni zan ɗebo ruwan."

Haka nake jan guga kullum, ɗaya na kwaɓinsa, ɗaya na mangwaro. Mako na bakwai jajayen ganye uku suka leƙo a saman tabon.

Rannan wani mai wucewa ya tsaya yana kallon katangar yana dariya, wai wane magini ne ya yi wannan aika-aika. Kafin in buɗe baki ƙanena ya ɗago daga kan bulo.

"Ni ne," ya ce. "Babanmu ne na zagaye."