Yadda Bunsurun Ekene Ya Hau Kujerar Shugaba

A zumuntar maza ta cocinmu da ke Narayi, al'ada ce shugaba ya shigo a ƙarshen sahu, sannan jama'a su miƙe masa. Baba Elisha ne ke riƙe da wannan matsayi, kuma yana ji da shi ƙwarai.

Da 'yarsa Hephzibah ta gina wa zumuntar shafi a intanet, sai ta bi al'adar. Ta yi wa mahaifinta bayani cewa na'ura tana bin hotunan membobi ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar kowanne ko shi ne na ƙarshe. Wanda babu kowa a bayansa, shi za ta ƙawata da zinariya, ta rubuta "Shugabanmu" a ƙasansa.

"Na'urar nan ta samu tarbiyya," in ji Baba Elisha.

Ana shirin bikin godiyar girbi, Ekene, mai sayar da kayan gyaran mota a Kakuri, ya kawo bunsuru kyauta. Domin kada alherinsa ya ɓoyu, ya ɗora hoton dabbar a shafin, bayan na Baba Elisha. Na'ura ta tambayi bunsuru, ta tarar babu kowa a bayansa, ta naɗa shi.

Baba Elisha ya isa shagon Ekene yana huci.

"Ekene, ka sauke shi! Surukaina na Kakau za su zo ranar Lahadi, kuma za a haska shafin a bango."

"Haba Baba, ni na zaɓe shi? Kwamfuta ce. Kuma gaskiya gemunsa ya fi naka tsari."

Baba Elisha ya sake ɗora hotonsa a baya, zinariya ta dawo masa. Ekene ya ɗora wani hoton bunsurun a bayansa, wanda aka ɗauka ta gefen hagu. Baba ya ɗora nasa da babbar riga, Ekene ya ɗora bunsurun yana cin kwali. Kafin Asabar shafin ya cika da su biyu, sauran membobi sun nutse a tsakani.

Hephzibah ta gaji. Ta share tarkacen, ta hana na'urar duba na ƙarshe, ta manna zinariyar a kan mahaifinta shi kaɗai.

Ranar Lahadi aka haska hoton Baba Elisha a bango, surukai suna gyaɗa kai. Sahu ya shigo da waƙa, shi yana baya yana taku a hankali. Jama'a suka yunƙura za su miƙe, sai suka dakata, domin bunsurun ya tsinke igiya ya biyo shi, yana tauna gefen rigarsa.

Babban surukin ya leƙa, ya ce, "Wanne ne na ƙarshen?"

Baba Elisha ya matsa gefe cikin natsuwa, ya bar bunsurun ya wuce gaba, sannan ya bi bayansa. Nan take coci duka ta miƙe tsaye.