Ruwan Allon Ladan

Tun da Ladan ya dawo daga karatun boko aka ba shi aji a elementaren Bodinga, uwarsa Hajjo ba ta ƙara jin daɗin tuwo ba. Ladan ba shi da aibu sai bakin da ba ya rufuwa. Yaran da ko ƙidaya ba su gama riƙewa ba, su ya zaunar yana gaya musu wai tauraron nan Uɗaridu, maƙwabcin rana, yana ɗan zamewa daga hanyar da tsohon lissafin Turawa ya shata masa. Lissafin ba ƙarya ba ne, in ji shi, ɗan ƙari ake yi masa, kamar yadda ake yi wa katanga yaɓe. Ya cika allon aji da lambobi, ya hana a goge.

Kafin labarin ya kai kasuwar Shagari, ya zama Ladan yana yi wa rana hatimi. A ƙasar nan kuwa kowa ya san malami ba ya zana lamba a banza.

Rannan da hantsi sai rana ta fara dusashewa, kaji suka nufi akurki. Mata suna kaɗa ƙwarya, maza suna salati, can cikin hayaniyar Hajjo ta ji ana ambaton ɗanta. Ta suri ƙwaryar ruwa, ko mayafi babu, ta yi makaranta da gudu.

Ta tarar da Ladan a jikin allo, maza da sanduna sun fara cika ƙofa.

"Inna, wallahi ban taɓa rana ba," ya ce. "Lissahi na kawai."

"Yi mani shiru!"

Ita kanta ba ta yarda da shi ba. Ta tsoma gefen zanenta, ta wanke allon tas, ta matse a ƙwarya kamar rubutun sha, sannan ta juya ga mutanen.

"Ga abin da yar rubuta. In mugun abu na, ni za shi ci, ba ɗana ba."

Ta kafa kai ta shanye. Babu wanda ya motsa. Da haske ya fara dawowa, sanduna suka sauka, maza suka sulale masallaci.

Hajjo ta zube ƙasa. Ladan ya durƙusa yana rantse mata alli ne kawai, amma ina, ba ta jin sa. Ta riƙe hannunsa gam, tana jiran abin da ta sha ya fara aikinsa.

"In na tahi," ta ce, "kak ka ƙara rubuta ma rana komi. Babu mai sha maka na biyu."