Motsi na takwas

Da ta ga sunanta a jere da na Baba a takardar zagaye na ƙarshe na gasar ches, darar Turawa, sai ta gane da shi za ta kara. Tsohon mai gyaran agogo ne, kuma taurin kansa ya fi na kowa a gidan. Ya riga ya rantse cewa ranar da makinsa na ches ya sauka ƙasa da dubu ɗaya da ɗari takwas, ya bar gasa ke nan. Maki uku kacal suka rage masa. Ita kuwa ta san tun rasuwar Inna babu abin da ke fitar da shi daga ɗaki sai wannan wasa.

Canjaras zai ishe shi, shi ya sa ta buɗe da salon da ya koya mata a teburin shagonsa, wanda sukan yi ido rufe har a tashi babu mai nasara. Ya ɗago ya harare ta ta saman tabarau, ya gane sarai. Motsi bakwai suka wuce lami lafiya.

A na takwas soja ake fara turawa, sannan doki ya fita. Baba ya miƙa hannu wajen sojan, sai rawar hannun nan da ya daɗe yana ɓoyewa cikin aljihu ta kai yatsunsa kan dokin. A gasa, abin da ka taɓa shi za ka motsa, kuma in dokin ya tashi yanzu sarauniyarsa ta tafi.

Ta sunkuya tana rubutu a takardarta. Alƙalin wasa yana can ƙarshen zauren, ya juya baya.

"Na taɓa," in ji Baba, ƙasa-ƙasa.

"Ban gani ba, Baba."

"Ni na gani."

Ya ɗaga dokin ya ajiye, ya danna agogon wasan. Ta zauna minti ashirin tana neman wani motsi na shirme da ba zai gane da gangan ta yi ba, amma mutumin da ya koya mata komai ba ta da abin da za ta ɓoye masa. Tausayi ya cika ta har allon ya yi mata dishi-dishi. Ta ci sarauniyar.

Ya tsayar da agogo, alamar ya sallama, ya ce ta yi daidai. Sannan ya roƙe ta ta danne masa takardar sakamakon, don ya iya sa hannu.