Saura Santimita Ɗaya

Kafinta mutum ne mai haƙuri da komai a duniya, ban da kalmar "kusan". Ka shiga shagonsa ka ce faɗin tagarka kusan taki huɗu ne, sai ya ajiye zarto ya tambaye ka takin wa, naka ko na jaririnka? In ka ce a ƙara ɗan kaɗan, ya miƙo maka tef ya ce ka nuna masa kaɗan ɗin a jiki. Tef ɗin ƙarfen nan ya shekara ashirin a aljihunsa, kuma duk abin da ya faɗa, a wurin Kafinta magana ta ƙare.

Ana nan sai 'yarsa Auta ta shigo da takardar ɗaukar ma'aikatan kashe gobara. Tun tana ƙarama in ta ji jiniya take barin abinci ta ruga ƙofar gida, kuma shekara guda ke nan tana gudun safe saboda wannan rana. Takardar ta ce sai mace ta kai santimita ɗari da sittin da biyar. Ta kuma yanke shekaru, kuma baɗi war haka Auta ta wuce su.

Da yamma ya tsayar da ita a jikin ƙofar falo ba takalmi, ya ɗora mata guntun katako a ka, ya ja layi da fensir. Ya auna har sau uku.

"Nawa ne, Baban Auta?" matarsa ta tambaya.

"Ɗari da sittin da huɗu."

"To, ai ta kai ke nan."

"Saura ɗaya."

"Ɗaya ɗin me? Abin da bai wuce faɗin farce ba? Haba malam, a cike mata mana, yadda ake cike mudu."

Kaka ta leƙo daga ɗakinta ta ƙare wa jikarta kallo. "Ni a idona ma ta zarce. Ta fi ni da tafin hannu guda."

"Kaka, ai kowa ya fi ki," in ji Auta. Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Abin ya ci wa Kafinta rai ƙwarai. Shi ne gajere tsakaninsa da uwarta, shi ya ba ta gadon, ga shi kuma da hannunsa ya ja layin. Ya so a ce bakinsa zai iya furta "kusan" ko sau ɗaya ne, bakin ya ƙi.

Washegari maƙwabciyarsu Nas ta zo karɓar kujerar da aka gyara mata, ta tarar yana goge katako ɗaya tun ɗazu har ya kusa zama takarda. Da ta ji labari sai ta ce, "Da wane lokaci ka auna ta?"

"Tsawo yana da lokaci ne?"

"Sosai ma. Mutum ya fi tsawo in ya tashi daga barci. Tsayuwa da zirga-zirga ne ke danne ƙashin baya, kafin yamma ya rage wajen santimita guda."

Kafinta ya ɗauka zolaya ce, amma gari na wayewa ya tare Auta tana fitowa da buroshi a baki, ya jingina ta da ƙofa. Ɗari da sittin da huɗu da rabi! Rabi ya samu, rabi ya maƙale. Ya yi lissafinsa irin na masu sana'a: daga gado zuwa ƙofar falo taku goma sha biyu ne, wa ya san abin da takun nan suka cinye? Saboda haka ya yanke hukunci, ranar awo ƙafar Auta ba za ta taɓa ƙasa ba sai a gaban ma'auni.

Ranar na zuwa ya shimfiɗa katifa a bayan tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, shi da matarsa da Nas suka kinkimo yarinya a miƙe sambal kamar katakon rufi. Maƙwabta suka firfito ana salati.

"Me ya same ta? Asibiti za ku?"

"Lafiyarta ƙalau," in ji uwar. "Tsawo muke tattali."

Tafiyar minti goma ta ci musu arba'in, don duk ramin da ya hango sai ya tsaya cak ya lallaɓa. Suka tarar layi ya miƙe har bakin titi, 'yan mata zalla, wasu kamar falwaya. Kafinta ya bar Auta a kwance, ya gyara hula ya shiga layin da kansa. Wani jami'i mai rajista a hannu ya zo ya tsaya a kansa.

"Baba, kai ma aikin kake nema?"

"Layi nake riƙe wa 'yata."

"Tana ina?"

"Tana kwance, kada ta rage."

Jami'in ya wuce abinsa. Sai da rana ta ɗaga sosai aka zo kansu. Auta ta sauko a hankali, ta taka kamar mai ɗauke da tiren ƙwai a ka, ta shige. Kafinta ya tsaya yana juya tef a aljihu. Tsoro yake ji, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka haife ta.

Can ta fito a guje, takarda a sama. "Baba! Ɗari da sittin da biyar da ɗigo uku!"

Uwar ta rungume ta. Kafinta ya karɓi takardar ya duba, murna ta cika shi, lissafi kuma ya biyo baya da kansa: ko da kwanciyar da komai, wannan lamba ta yi wa tasa nisa. Auta ma ta gano haka, ta sassauta murya, amma ba sosai ba.

"Anya ma'auninsu daidai yake, Baba? Tef ɗinka fa bai taɓa..."

Jami'in nan yana tsaye taku biyu daga wurin, ya juyo yana saurare. Kafinta ya zaro tef ɗin ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Wannan? Wannan tsohon banzan? Ai ya daɗe da lalacewa, kowa ya sani! Nasu ne daidai, cif-cif!"

Matarsa ta saki baki tana kallonsa, sannan dariya ta ƙwace mata har da riƙe ciki. Maganar ta yi masa ciwo, ba ƙarya, amma bai taɓa jin daɗin wani ciwo irin wannan ba. Ya buɗe wa Auta ƙofar gaba.

"Shiga ki zauna, 'yar nan," ya ce. "Yanzu kya iya gajarcewa son ranki."