Gidan 'Yar Tsana a Baibai

Kwalin ya yi wata biyar a saman kabad ba wanda ya taɓa shi. 'Yarta ce ta sayo shi tun tana da lafiya, ta ce idan ta samu hutu a wurin aiki za su zauna ita da yarinyarta su haɗa. Gidan 'yar tsana ne mai hawa biyu, ga hotonsa a jikin kwalin: jan bulo, koren rufi, har da matakala. Hutun bai zo ba, ciwo ya riga shi. Aka kwantar da ita a asibiti, aka sallamo ta, aka sake kwantarwa, daga nan ba ta dawo ba.

Tela ake ce wa tsohuwar, don ta fi shekara talatin a kan keken ɗinki. Tun bayan rasuwar 'yar tata, jikarta na hannunta, yarinya 'yar shekara shida da kowa ke kira 'Yar Firit. Ranar Laraba uban yarinyar ya bugo waya. An canja masa wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, ya samo mata makaranta a can, ranar Asabar da hantsi zai zo ya tafi da ita. Tela ta ce to. Me za ta ce? 'Yarsa ce.

Da ta gaya wa yarinyar, ba ta yi kuka ba. Kai ta ɗaga ta dubi saman kabad.

"Kaka, gidan nan fa? Mama ta ce nawa ne."

"Naki ne mana. Da shi za ki tafi."

"A kwali?"

"A tsaye, da rufinsa da komai. Ni ce fa. Wace irin riga ce ban haɗa ba a unguwar nan?"

Ranar Alhamis da sassafe ta kwashe yadudduka daga teburin yanka, ta zazzage kwalin. Katako ne sirara kamar biskit, manya da ƙanana, da kwalbar gam, da takardar bayani mai rubutu kamar ƙafar tururuwa. Ta sa tabarau, ta matso da takardar, ta nisanta ta. Karatun nata dama bai wuce na rubuta awon mutane ba.

"Kaka, a kife kika riƙe," in ji 'Yar Firit, tana saɓa jakar makaranta.

"Ji min ƙwailar nan! Tun kafin a haifi uwarki nake riƙe takarda. Wuce kar ki makara."

Da gida ya yi shiru, ta ajiye takardar ta koma ga abin da ta sani. Ta ware manyan guda huɗu: ƙasa, baya, da gefe biyu. Kowane bango fuska biyu gare shi. Ɗaya an zana mata jan bulo gwanin kyau, ɗayar kuwa katako ne zalla, da lamba, da wata 'yar tsaga a tsakiya. Ba ta ko tsaya tunani ba. Wanda ya yi shekara talatin yana haɗa yadi ya san fuska mai kyau ciki take kallo, mai alli da lamba ita ce a waje. Haka hannunta ya yi. Ta shafa gam ba rowa, don kada abin ya rabu a mota. Ta ɗaure shi tam da tsummoki, ta ɗora dutsen guga a ciki, ta lulluɓe da zani.

Da yarinyar ta dawo ta ce mata, "Kul kika taɓa. Sai gobe."

Washegari suka kwance tare. Gida ya tsaya ƙyam, ko girgiza ba ya yi. 'Yar Firit ta zagaya shi sau biyu, ta dubi kwalin, ta sake dubansa.

"Kaka, ina bulon?"

"Yana ciki. Bari in juya shi ki ga..."

Ta sunkuya. Ta sa hannu a cikin gidan kamar yadda take zura hannu a riga ta jawo ta waje, hannun ya taɓa katako. Ta ɗauko daɓen hawa na biyu ta gwada. Babu inda zai zauna, tsagar da aka yi dominsa tana waje tana kallon ɗaki.

Ta rungumi gidan ta nufi shagon kafinta a ƙarshen layi, wani dattijo da suka daɗe suna tsokanar juna. Ya juya shi, ya leƙa ciki, ya kwashe da dariya.

"Tela, gida kika yi ko ɗan kamfai? Wa ya ce miki ana sa wa gida kaya a baibai?"

"Kafinta, ba wasa ya kawo ni ba. Gobe za a tafi da yarinyar."

Dariyar ta ɗauke. Ya san marigayiyar tun tana rarrafe. Ya goge hannu a jikin wandonsa, ya ɗauko siririyar wuƙa.

"Gam nawa kika sa?"

"Duka."

"Duka kwalbar? Allah ya ba ki lafiya. Wannan ai ko gadon aure ne ya ishe shi."

Ya lallaɓa bakin wuƙar a kusurwa, ya danna a hankali. Sai ji suka yi ƙas. Gam bai saki ba, katakon ne ya ɓare, bulo uku suka biyo wuƙa. Ya janye hannu.

"In na ci gaba, gutsi-gutsi zan miƙa miki. Zan iya yanka miki sabon bango, amma ba ni da katako mai sirantar nan, sai Litinin in na shiga kasuwa. Bulon kuma ban iya zane ba."

"Ɗinki in ya ɓaci reza ake sawa a farke," in ji ta, kamar da kanta take magana.

"To wannan ba ɗinki ba ne, 'yar'uwa."

Ta dawo gida ba ta haƙura ba. Ta tuna yadda tururi ke sakin abin da aka manna a wuyan riga. Ta jiƙa tsumma ta shimfiɗa a kusurwar, ta ɗora dutsen guga mai zafi. Tururi ya tashi, ɗakin ya cika da warin gam. Da ta ɗaga, kusurwar na nan daram, bangon gefe kuwa ya lanƙwashe kamar bakin faranti, jan fentin ya bi tsumma. Ta zauna a kan kujerar keke, hannuwanta a cinya. 'Yar Firit na tsaye a bakin ƙofa da 'yar matakala a hannu, tana kallon gidan. Da ma ta yi kuka, da ya fi wa Tela sauƙi.

Ranar Asabar uban ya zo a kan lokaci. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kai akwati mota, ya dawo ya tarar da gidan a kan tebur, ba rufi, ba ƙofa.

"Mama, ba komai, a sa shi a haka. In mun je can na nemi wanda zai duba."

"A'a," in ji 'Yar Firit. "A bar shi. In Kaka ta gama sai in zo in ɗauka."

Ya sosa ƙeya. "Hanyar da nisa fa, uwata. Sai dai ko babban hutu, in Allah ya nufa."

Yarinyar ta ajiye matakalar a kan tebur, ta dubi kakarta ido cikin ido.

"Kaka, za ki iya?"

Tela ta miƙa hannu. Ta gyara wa yarinyar wuyan riga, wanda dama a gyare yake.

"Zan gwada, 'yar nan."

Ta tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana, sannan ta koma ciki. Ta sa babban yatsa ta danna bangon da ya lanƙwashe, ya miƙe. Ta ɗaga yatsan, ya koma yadda yake.