Ɗan Kafinta Ba Ya Kuka

Kafinta bai yi sallama ba. Tura ƙofar ya yi da kafaɗa, garin katako na nan a girarsa. A ciki ɗansa na zaune gaban wata mata mai tabarau, kai a sunkuye, hawaye na ɗiga kan wandonsa. Babban ɗansa ke nan, wanda duk unguwa ke kira Injiniya tun ranar da ya samu shiga jami'a.

"Tashi," in ji Kafinta.

Matar ta miƙe. Ita ce jami'a ta ajiye don sauraron ɗaliban da damuwa ta yi wa yawa. "Sannu da zuwa, Baba. Ga kujera."

"Ban zo zama ba. Kai, ubanka ya mutu ne?"

"A'a, Baba."

"To me ya kawo ka kuka gaban matar mutane?"

Da safiyar nan uwar yaron ta yi suɓutar baki. Ta ce Injiniya ya daina barci, in ya buɗe littafi baƙaƙen sai su riƙa yawo, har malaminsa ya tura shi wani ofis da ake zama a faɗi abin da ke cikin rai. Kafinta ya ajiye zarto ya hau mota. Shi a saninsa, maganar gida a gida take kwana.

"Baba, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana jin magani," in ji matar. "Ya fara samun sauƙi, har ya koma shiga aji. Ka bar shi ya ci gaba da zuwa."

"Ciwo? Ina zazzaɓin? Hajiya, ban yi boko ba, amma na san katako. In ya lanƙwashe ba lallashinsa ake yi ba. Matse shi ake yi har ya miƙe."

Ya tasa ɗan a gaba. A baranda wasu samari na wucewa, ɗaya ya zunguri ɗan'uwansa. "Ka ga wani ma, notin kansa ya kwance. Har da tsohonsa aka kira." Suka kwashe da dariya. Kafinta ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa. A bakin titi ya juyo.

"In ka sake taka ƙofar can, ban yafe ba."

"To, Baba."

Yaron bai taɓa tsallake maganar ubansa ba. Wannan ma bai tsallake ba.

* * *

Jarrabawa ta zo. Ya shiga, ya rubuta sunansa, ya zauna yana kallon takarda har aka karɓe. Aka ba shi damar maimaitawa, haka aka sake yi. Daga nan jami'a ta sallame shi. Ya dawo da jakarsa da bokitinsa.

Kafinta ya ce wa maƙwabta hutu aka yi. A ganinsa zaman banza ke kawo tunani, don haka ya miƙa wa yaron samfefar goge itace ya nuna masa tarin katako. Yaron na zuwa shago kafin kowa. Ba ya gardama, ba ya neman abinci sai an ba shi.

Mai faci na kusa da su ya kan leƙo. "Injiniya, wannan hutu naku ko na mai jego! Yaushe za ka gina mana gada?"

Sai yaron ya yi murmushi, irin na wanda aka ce ya yi.

Wata rana Kafinta ya ba shi saman tebur ya goge, shi kuma ya tafi auno ƙofa. Da ya dawo ya same shi a wuri guda. Tsakiyar katakon ta yi rami kamar akushi. Samfefar ta cinye, fatar yatsunsa ke gugar itacen, jini ya shiga cikinsa. Bai ma sani ba.

Uwar ce ta ɗaure masa hannun da tsumma. Ba ta ɗago ta kalli mijinta ba.

"Malam, ka matse. Ya miƙe?"

Ba ta taɓa yi masa magana haka ba.

* * *

Kafinta ya sa rigarsa ta fita, ya koma ofishin matar nan a jami'a. Wannan karon ya zauna a benci cikin layin ɗalibai, sa'o'in 'ya'yansa, kowa na ɓoye fuska a waya. Layin da tsawo, ita kaɗai ce ga jami'ar duka. Da aka zo kansa ya yi sallama.

Ta gane shi. Ta saurara har ya gama, ta cire tabarau ta murza ido.

"Baba, sunansa ya fita daga cikin ɗalibai. Ba ni da ikon ganinsa a nan kuma. Ka kai shi babban asibiti, akwai likitocin wannan ciwon. Kada ka jinkirta. Amma ka fara janye maganar da ka ɗora masa. Ka zauna kusa da shi. Kada ka ba shi umarni. Ka tambaye shi, sannan ka yi shiru."

Bayan la'asar ya iso shago. Yaron na kan wani bencin da ba a gama ba, da sabuwar samfefa a hannun hagu. Kafinta ya zauna a gefensa. Zumbur yaron ya miƙe.

"Me za a ɗauko, Baba?"

"Zauna." Ya ji yadda kalmar ta fito, ya sassauta murya. "Maganar nan da na yi a bakin titi, na janye. Na yafe."

"To, Baba."

"Gaya min abin da ke damunka."

Yaron ya dube shi. Idanun a bushe suke ƙarau.

"Ba komai, Baba. Lafiya lau nake."

Kafinta ya yi shiru kamar yadda aka ce ya yi. Ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya jira. Can sai yaron ya jawo katako, ƙarar samfefa ta ci gaba.